Shin ƙasa ce ke janyo mu, ko sarari ne ke kwarara cikinta yana tafiya da mu?

Idan lemo ya suɓuce daga kan tire a kasuwar Mile 12, me ke kai shi ƙasa? Amsar da muka taso da ita tun firamare ita ce ƙasa tana da ƙarfin da take janyo komai zuwa gare ta. To amma a 'yan shekarun nan wata amsa ta daban tana yawo a wayoyin matasanmu na Legas, cikin gajerun bidiyoyi na YouTube da TikTok da ake turawa a WhatsApp. Wai babu wani ja. Sarari ne da kansa yake kwarara daga ko'ina yana shigewa cikin ƙasa da rana da taurari, shi ke tafiya da lemon, shi ne kuma ke danne mu a kan tabarma. Sau da yawa akan ƙara da cewa an kama Einstein da kuskure, manyan jami'o'i ne kawai ke rufa masa asiri.

Ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB a Agege da Idi-Araba sukan kai wa malamansu wannan magana, kuma amsoshin da suke samu ne ke damuna. Wani malamin ya ce shirme ne, a bar shi. Wani ya karɓa hannu bibbiyu saboda ta fi daɗin ji. Dukansu ba su yi wa tambayar adalci ba. Rabin maganar yana zaune daram cikin lissafin Einstein ɗin kansa fiye da shekara 100, ɗaya rabin kuwa bai taɓa tsallake gwaji ba. Aikin shi ne a raba su.

Ƙofar da Newton ya bari a buɗe

Mu fara da abubuwa biyu da ake ta ambata. Ƙarfin ja shi ne abin da ke sa duk wani abu mai nauyi ya karkata zuwa ga wani mai nauyi. Ba maganaɗisu ba ne, domin maganaɗisu ba ya kama katako ko buhun masara, shi kuwa wannan bai bar komai ba, har haske. Sarari kuma a nan ba iskar da muke shaƙa ake nufi ba. Ana nufin filin da abubuwa ke zaune a ciki, tazarar da ke tsakanin wannan da wancan, abin da zai rage ko da an kwashe iska da ƙura da komai.

A 1687 Isaac Newton ya fitar da dokarsa a Ingila: ja yana ƙaruwa da nauyin abu, yana raguwa da nisa, ta yadda in nisa ya ninka biyu sai ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da wannan doka ɗaya aka lissafa faɗuwar dutse da zagayen wata da cikowa da janyewar teku. A doron ƙasa, abin da aka saki gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Mu da ke kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu a Legas namu ya ɗan gaza, wajen 9.78.

Amma Newton bai faɗi yadda rana ke miƙa hannu ta kama duniya daga nisan kilomita miliyan 150 ba tare da igiya ba. Shi kansa abin ya tsaya masa a rai. A wasiƙar da ya rubuta wa Richard Bentley ya nuna cewa hankali ba zai karɓi a ce abu yana taɓa wani daga nesa ba tare da wani abu a tsakani ba, kuma a bugu na biyu na littafinsa a 1713 ya fito fili ya ce bai gano sababin ba, ba kuma zai ƙirƙiri zato ba. Ta wannan ƙofa ce duk ra'ayoyin da suka biyo baya suka shigo.

A 1915 Albert Einstein ya kawo tasa amsar: nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, abubuwa kuma suna bin hanya mafi miƙewa da ta rage musu cikin wannan lanƙwasa. Matsalar ita ce hoton da ake koyar da wannan da shi, wato a ɗora ƙwallo mai nauyi a kan katifa ta lotsa, a gangara ƙaramin ƙwallo ya faɗa ramin. Yaro mai kaifin kai zai ɗaga hannu nan take ya ce, “Malam, to me ya ja ƙaramin ƙwallon zuwa cikin ramin in ba jan ƙasa ba?” Kuma yana da gaskiya. An yi bayanin ja da ja. Ga shi hoton ya manta da lokaci gaba ɗaya, alhali faɗuwar lemo kusan dukkanta daga bambancin tafiyar lokaci tsakanin sama da ƙasa take fitowa. Duk wanda hoton katifa bai gamsar ba, da ya ji maganar kwararar sarari sai ya ji an sosa masa inda ke ƙaiƙayi.

Me masu ra'ayin ke cewa?

Suna cewa ka ɗauki sarari kamar kogi da ke gangarowa zuwa ga kowane abu mai nauyi daga kowace kusurwa. Can nesa yana tafiya a hankali, yana matsowa yana ƙara gudu. A kowane wuri gudunsa daidai yake da gudun da ake bukata a kuɓuce wa jan wannan abu daga wurin. A doron ƙasa kilomita 11.2 ne a sakan, wato kusan tsawon gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 cikin ƙiftawar ido. A kan wata kilomita 2.4 ne, a fuskar rana kuwa wajen 618.

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli masuntan Makoko lokacin da ruwan Legas ke janyewa zuwa teku zai gane hoton. Mai kwale-kwalen da ya ajiye filafili ya bar ruwa ya tafi da shi ba ya jin wani ƙarfi a jikinsa, shi da ledar da ke yawo a gefensa tafiyarsu ɗaya. Wanda ya ɗaure nasa a jikin turken gidan katako shi ne ke ganin igiya ta miƙe tana ƙara. A wannan ra'ayi, mai faɗowa shi ne wanda ya saki filafili, mu da ke tsaye a ƙasa kuwa mu ne ɗaurarru, kuma abin da muke kira nauyin jikinmu ƙasa ce ke tokare mu ta hana mu bin kogin.

Wannan gaɓar gaskiya ce, kuma Einstein ma haka ya ce. 'Yan sama-jannatin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kilomita 400 kacal a sama, suna shawagi ne ba don ja ya ƙare ba, domin a can yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Suna shawagi ne don faɗowa suke yi ba tsayawa, su da tasharsu tare. Hoton yana kuma sauƙaƙa fahimtar abin da David Scott ya nuna a kan wata a 1971, inda ya saki guduma da gashin tsuntsu suka sauka lokaci guda: in hanyar ce ke tafiya, ba ruwanta da nauyin wanda ke kanta.

Sai dai tun a nan kwatancen ya fara tangaɗi. In da gaske sarari na wuce mu da gudun kilomita 11.2 a sakan, me ya sa lemon ke fara faɗuwa a hankali maimakon ya ɓace kamar harsashi? Masu ra'ayin sukan amsa cewa sarari ba ya gogar abu kamar ruwa, ba gudunsa ne ke tasiri ba, ƙaruwar gudun ce. In ka lissafa yadda gudun kogin ke ƙaruwa yayin da yake matsowa, sai ka samu 9.8 ɗin nan cif, da dokar Newton gaba ɗayanta. Amsar ta yi, amma a lura da abin da aka sallama: kogi ne da ba wanda gudunsa ke taɓawa. Za mu dawo kan wannan.

Tsohon ra'ayi ne, ba na jiya ba

Masu bidiyo sukan gabatar da shi kamar sabon sirri, alhali ya girmi dokar Newton ɗin ma. A 1675 Newton da kansa ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan zaton cewa wataƙila wani siririn abu da ya cika sarari, wanda a lokacin ake kira eta, yana ta gangarowa yana tattaruwa cikin ƙasa yana danno abubuwa. Bai gina dokarsa a kan wannan ba. A 1853 Bernhard Riemann na Jamus, mutumin da daga baya Einstein ya yi aiki da lissafinsa, ya yi tunanin cewa kowane ƙwayar abu mashiga ce da eta ke ɓacewa a ciki. A 1888 wani injiniya a Rasha, Ivan Yarkovsky, ya ce etar da ke shiga tana zama ƙasa da duwatsu, don haka duniya girma take yi. A 1887 kuwa Albert Michelson da Edward Morley sun nemi alamar iskar eta da haske a Cleveland ta Amurka ba su same ta ba, daga nan kasuwar eta ta fara watsewa.

Abin mamakin ya zo ne bayan Einstein. A 1916 Karl Schwarzschild ya warware lissafin Einstein na abu guda mai siffar ƙwallo. A 1921 Paul Painlevé, masanin lissafi da ya riƙe firaministan Faransa a 1917 da 1925, sannan a 1922 Allvar Gullstrand, likitan ido ɗan Suwidin da ya ci kyautar Nobel a 1911, kowannensu ya samo wata amsar da ta sha bamban a fuska. A cikin tasu, sarari shimfiɗaɗɗe ne ba lanƙwasa, amma yana gangarawa ciki da gudun kuɓuta. Su biyun sun ɗauka sun sami rauni a aikin Einstein, tunda ga tambaya ɗaya da amsa biyu. Sai a 1933 Georges Lemaître na Beljiyam ya nuna cewa amsa ɗaya ce aka rubuta da tsarin awo biyu. Schwarzschild ya yi awo da agogon mutumin da ke tsaye can nesa, su kuma da agogon mutumin da ke faɗowa.

A 2008 Andrew Hamilton na Jami'ar Colorado da Jason Lisle suka buga maƙala a mujallar American Journal of Physics suka sa wa wannan hoto sunan kogi, suka nuna yadda za a koyar da baƙin rami da shi, wato wurin da ja ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya fita. Ke nan babu wanda ya ɓoye komai. Abin yana cikin mujallar da malaman kimiyya ke karantawa.

Inda lissafin ya faɗa daidai

Misalin da ya fi burge ni yana cikin aljihun kowa. Tun 1905 an san daga wani lissafin Einstein cewa agogon da ake tafiya da shi da gudu yana jinkiri. To ɗauki mutumin da ke tsaye a Obalende a matsayin mai keta kogin sarari da gudun kilomita 11.2 a sakan, ka sa wannan cikin lissafin 1905. Za ka samu agogonsa na baya da kimanin maikrosakan 60 a yini in an gwada da agogon da ke can nesa da komai. Maikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda waya ke gane inda take da su, suna kilomita 20,200 a sama, inda gudun kogin ya sauka zuwa wajen kilomita 5.5 a sakan, don haka jinkirinsu bai wuce 14 da 'yan kai ba. Bambancin ya kama 45 zuwa 46. Cire 7 saboda gudun da tauraron ke yi a zagayensa, saura 38. Wannan 38 ɗin shi ne ainihin gyaran da injiniyoyi ke yi wa agogunan tun kafin a harba su. Haske na cin mita 300 a maikrosakan guda, saboda haka in an bar shi, awon nisa tsakanin tauraro da waya zai riƙa kaucewa da fiye da kilomita 10 kowace rana.

Haka baƙin rami. In aka matse abu har gudun kogin ya kai na haske, kilomita 300,000 a sakan, to hasken da ke ƙoƙarin fitowa zai tsaya cik a wuri ɗaya, wanda ke ciki da nan kuwa sai ya wuce ƙasa. Wannan iyaka ita ce bakin ramin. Rana sai an matse ta ta koma kilomita 3 daga tsakiya zuwa gefe, duniyarmu kuma milimita 9. Ban san wani bayani da ya kai wannan sauƙi ga ɗalibi ba. Tun 1981 William Unruh a Kanada ya nuna cewa sauti cikin ruwa mai gudu yana bin irin wannan lissafi, kuma yau akwai ɗakunan gwaji da ke kwaikwayon bakin baƙin rami da abubuwa masu kwarara.

Amma a kula. Duk waɗannan nasarori na Einstein ne, an dai sauya musu riga. Ba za a ɗauki amsar mutum a sake rubuta ta sannan a ce an kayar da shi da ita ba.

Inda gizo ke saƙa

Rigimar tana farawa ne lokacin da aka tashi daga “ana iya kwatanta shi da kogi” aka koma “kogi ne na haƙiƙa, kuma shi ne sababi”.

Abu na farko, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi: juya kogin. Ka ce sarari fitowa yake yi daga cikin ƙasa da gudun kilomita 11.2 a sakan, yana rage gudu yayin da yake nisa. Rage gudu a hanyar fita daidai yake da ƙara gudu a hanyar shiga. Lemon zai faɗi da 9.8 ɗinsa, wata zai yi zagayensa, agogon GPS zai nemi 38 ɗinsa. Babu gwaji ko ɗaya a wajen ƙasa da zai bambance maka shiga da fita. Ƙari a kan haka, in ka zaɓi masu faɗowar da suka taso da wani gudu tun daga nesa ka yi awo da agogonsu, sai kogin ya ba ka wani gudun daban, sakamakon kuma bai canja ba. Abin da za ka iya juya alƙiblarsa ka kuma sauya gudunsa ba tare da komai ya motsa a duniya ba, da wuya a kira shi sababin wani abu. Shi ya sa na ce a riƙe maganar kogin da gudunsa ba ya taɓa kowa.

Na biyu, ina yake zuwa? Ruwan da ke shiga rami ɗaya daga kowane gefe, adadin da ya ƙetare da'ira ta nesa dole ya yi daidai da wanda ya ƙetare ta kusa. A nan ba haka ba ne. Je ka nisan da ya ninka na doron ƙasa daga tsakiya sau 4. Gudun ya ragu zuwa rabi, kilomita 5.6, amma faɗin fuskar da yake ratsawa ya ninka sau 16. Ke nan abin da ke shigowa can ya ninka wanda ke isowa ƙasa sau 8. Kashi bakwai cikin takwas ya ɓace a hanya, a fili fetal inda babu ko ƙwayar yashi da za a ce ita ta haɗiye shi. Don haka jimlar da ake yawan maimaitawa, wai nauyi ne ke cin sarari, ba ta dace da lissafin masu ita ba. Zancen Yarkovsky na girman duniya ma an auna shi: binciken da masana na NASA suka fitar a 2011 ya nuna canjin bai wuce kusan milimita 0.1 a shekara ba, adadin da ba a iya bambance shi da sifili.

Na uku, duniya ba ƙwallo ɗaya ba ce a fili. Mutumin Agege yana cikin kogin ƙasa mai 11.2, yana kuma cikin na rana wanda a nisanmu yake gudun kilomita 42 a sakan, ga na wata, ga na tarin taurarin da muke ciki. Yaya ake haɗa su? In koguna biyu suka yi karo gaba da gaba ya kamata su kashe juna, jinkirin agogo ya ɓace. A lissafin Einstein kuwa jinkirin taruwa yake yi, kuma shi ake amfani da shi wajen bin sawun jiragen da ake aikawa sauran duniyoyi. Dubi tsakiyar ƙasa ma. Kwarara daga kowane gefe ta haɗu a can, gudu ya zama sifili, sai a zaci agogo zai sake. Alhali can ne ya fi jinkiri, har wasu masana a Denmak suka lissafa a 2016 cewa tsakiyar duniya ta gaza bayanta tsufa da kusan shekara biyu da rabi. Kafin kogin ya ba da wannan sai an yi masa ƙari, kuma ƙarin daga wurin Einstein ake aro shi.

Sai igiyoyin ja, wato girgizar da ke ratsa sarari kamar igiyar ruwa. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO biyu a Amurka suka kama girgizar sarari daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya ninka rana nauyi kusan sau 36, ɗaya 29. Siffar girgizar ta zo yadda lissafin 1915 ya faɗa: sarari na miƙewa ta wannan gefe yana tsukewa ta wancan. Shimfiɗaɗɗen sarari mai gangarawa kawai ba shi da inda zai ajiye irin wannan motsi.

Me ya sa ra'ayin ya ƙi mutuwa?

Saboda akwai giɓi na gaske, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi shi ba. Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa tarin taurari na gudun da ya fi ƙarfin nauyin da ake gani, a shekarun 1970 kuma Vera Rubin ta tabbatar da hakan a gefen manyan tarukan taurari. Aka ce akwai wani duhun abu da ba a gani, kuma har yau ba a kama ƙwayarsa a ɗakin gwaji ba. A 1998 aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Ga shi kuma an kasa daidaita lissafin Einstein da na ƙananan ƙwayoyin halitta. Manyan masana da kansu suna neman abin da ke ƙarƙashin sarari da lokaci.

Daga cikin waɗanda suka ɗauki kwararar da gaske akwai Reginald Cahill na Jami'ar Flinders a Ostareliya, wanda ya ce tsarinsa na bayyana gudun taurari ba tare da duhun abu ba, ya kuma ce tsofaffin gwaje-gwajen Dayton Miller na shekarun 1920 sun riga sun kama motsin sarari. Aƙalla shi ya yi abin da ya kamata, ya faɗi abin da za a iya gwadawa. Sai dai tun 1955 Robert Shankland da abokan aikinsa suka danganta sakamakon Miller da sauyin zafi a ɗakin gwajin, kuma na'urorin zamani da suka fi nasa kaifi nesa ba kusa ba ba su ga bambancin gudun haske ta kowace fuska ba. Sauran masana ba su karɓi da'awar ba.

A ɗaya ɓangaren kuwa ga jerin jarrabawar da lissafin Einstein ya ci. Ya warware 'yar karkatar zagayen duniyar Mekuri da ta gagari dokar Newton tun 1859. Ranar 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Principe, nan cikin tekun Gini, kimanin kilomita 700 kudu maso gabas da Legas, yayin da wata tawagar ke Sobral a Birazil, aka ga hasken taurari ya lanƙwasa a gefen rana. A 2011 tauraron Gravity Probe B ya ba da sakamakon da ya nuna juyawar duniya tana ɗan murɗa sararin da ke kewaye da ita. A 2019 aka fitar da hoton inuwar baƙin ramin M87. Duk mai son ya gaji wannan kujera sai ya ci waɗannan duka, sannan ya kawo wani abu guda da Einstein bai faɗa ba a auna a gani.

Wata gaɓa da ta shafe mu musamman: na ga masu saurin jingina irin wannan ra'ayi da ayar Alƙur'ani don ya sami karɓuwa. Ina roƙon 'yan'uwa a yi hattara. Zaton masana yana tashi yana faɗuwa, bai dace a ɗaura Littafin Allah a jikin abin da gobe gwaji zai iya rushewa ba.

Me ya shafi mai neman abincinsa a Legas?

Ta fuskar aikin yau da kullum, babu abin da zai canja. Direban tirelar da ya taso daga Kano yana neman hanyar Apapa a taswirar waya, da yaron da ke kai saƙo a babur cikin Ikeja, da mai awon fili a Ibeju-Lekki, duk suna cin moriyar gyaran maikrosakan 38 ɗin nan ko da wane hoto aka yi bayaninsa. Tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disambar 2011 yana zaune a nisan kilomita 35,786 bisa lissafin da aka sani. Ma'aikatan NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, ko a cibiyarta ta Epe ko ta Toro a jihar Bauchi, da Newton da Einstein suke aiki.

Inda abin zai iya taɓa aljihu shi ne wurin masu cewa tunda sarari na kwarara, za a iya kafa masa na'ura a sami lantarki kyauta, ko a toshe shi a soke nauyi. A garin da kuɗin man janareto ke cin rabin ribar mai shago, irin wannan magana tana da masu saurare. Lissafin kogin da kansa ya rufe wannan ƙofa, tunda gudunsa ba ya tura komai. Madatsar Kainji tana ba da wuta ne don rana ta ɗaga ruwa sama ya dawo a matsayin damina, ba don ja na raba ƙarfi kyauta ba.

Ga ɗalibi, a takardar jarrabawa dokar Newton ake tambaya, ita zai rubuta. Ga malami kuwa, shawarata ita ce ya yi amfani da hoton kogin, domin ya fi na katifa gaskiya wajen bayanin faɗuwa da jinkirin agogo da baƙin rami, muddin ya gaya wa yara iyakarsa: abu ɗaya, mai siffar ƙwallo, kuma daga wajensa. Ya ba su lissafin 60 da 14 da 7 su yi da hannunsu, sannan ya sa su juya kogin su ga amsa ba ta canja ba. Yaron da ya yi wannan da kansa ba zai ruɗu da bidiyon minti ɗaya ba.

Awon ja kuma yana da amfanin da ya fi kusa da mu fiye da baƙin rami. Daga 2002 zuwa 2017 tagwayen taurarin GRACE, masu bin juna da tazarar kusan kilomita 220, sun riƙa auna 'yan canje-canjen jan ƙasa wata bayan wata, daga nan ake gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ƙaruwa ko raguwa da yawan ƙanƙarar da ke narkewa tana shiga teku. Magadansu sun tashi a 2018. Ga birnin da ke zaune a bakin teku yana fama da ambaliya duk damina, da yankin tafkin Chadi da da yawanmu muka fito, waɗannan alƙaluma ne da gwamnati za ta iya tsara aiki da su.

Gwajin ma bai tsaya ba. A 2022 masana a Colorado sun auna bambancin tafiyar lokaci a tazarar milimita guda tak, ya kuma zo daidai da hasashen Einstein. A Janairun 2024 hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince da aikin LISA, jirage uku da za su tsaya da tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakaninsu suna sauraron igiyoyin ja, ana sa ran harba su a tsakiyar shekarun 2030. Masu cewa kwararar sarari ta haƙiƙa ce suna da wannan tsakanin su rubuta, da alƙaluma, abin da suke sa ran LISA zai gani wanda ya saɓa wa lissafin 1915.